Tarihin da babu kaye a cikinsa

A fadarmu ta bayan isha'i, nan Tawa, akwai wani yaro ɗan jami'a da ya ɗora wa kansa aikin karanta mana abin da ya tsinto a salula. Wani dare, ana tsakiyar shayi na biyu, ya ce ga tarihin wani tsohon ɗan kokowa an wallafa da Hausa, har da hotonsa riƙe da takobi. Muka ce bismilla. An haife shi a gari kaza, ya tashi da ƙarfi tun yana kiwon awaki, ya shiga fili ya watsa maza, ya ɗaga sunan jiharsa, ya rasu ya bar 'ya'ya da jikoki, Allah ya jiƙansa. Muka ce amin. Kawuna, wanda yake cikin 'yan kallo a 1975 lokacin da aka yi gasar kokowa ta takobin ƙasa ta farko a garin nan har Kantu na Maraɗi ya tafi da shi, ya ajiye ɗan kofinsa a kan tire ya ce, "To ɗana, wa ya kayar da shi?" Yaron ya ja yatsa sama, ya ja ƙasa, ya ce, "Baba, ba su faɗa ba." Kawu ya ce, "Ashe ba su san shi ba. Ni na ga ranar da ya sha ƙasa, kuma ranar na san namiji ne."

Sai ya ba mu labarin. Yadda fili ya yi tsit kafin ihu ya ɓarke daga ɓangaren abokan karawa, yadda makaɗinsa ya saki ganga ta rataye a kafaɗa, yadda mutumin ya miƙe ya kakkaɓe rairayi daga gwiwa, ya tsinke wata laya daga damtse ya jefa wa yaronsa, sannan ya je ya kama hannun wanda ya kai shi ƙasa. Da dare kuma, in ji Kawu, masu zuwa gaisuwa masaukinsa suka ragu har ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Minti biyar ya yi yana magana. A minti biyar ɗin nan muka san mutumin fiye da duk abin da aka karanta mana.

Tun daga daren nake bin irin waɗannan rubuce-rubuce da ido biyu. Sun yi yawa a 'yan shekarun nan, da Hausa da Faransanci, wasu a takarda, mafi yawa a salula: tarihin mawaƙa, na 'yan wasa, na malamai, na sarakunan da suka yi tsayayya da Nasara. Na yi murna da yawansu, don ba da daɗewa ba yaron da ke son sanin wane ne mawaƙi Ɗan Gurmu sai dai ya dace da tsohon da ke cikin nishaɗi. Sai dai in ka karanta goma a jere za ka ga ɗinki ɗaya ne, tela ɗaya, sunan mai riga kawai ake canzawa. Kirari ne aka sa wa shekaru da lambobi. Ni kuwa ban raina kirari ba, sana'a ce mai tsohon asali, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma maroƙi a fili ba ya yaudarar kowa. Ga ganga, ga taro, ga mai kyauta yana laluben aljihu, kowa ya san abin da yake ji. In aka ɗauke gangar, aka rubuta "an haife shi a shekara kaza" a sama, yaro zai ɗauka iyakar abin da ya faru ke nan.

Yaran kuwa suna tambaya yanzu fiye da da, don sunayen sun fito bakin titi. A watan Oktoba na 2024 aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titin Yamai aka sa na Jibo Bakari. Cibiyar al'adun da a da ake kira da sunan Jean Rouch ta koma ta mai shirya finafinai Mustafa Alasan. Jami'armu ta Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, ta Damagaram André Salifou, ta Maraɗi Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta Yamai Abdu Mumuni. Filayen kokowa ma haka, Kantu a Maraɗi, Salma Ɗan Rani a Dosso, Langa-Langa a Damagaram, Hamidin Maidare a nan. Ga shi kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Direban taksin da ke bin titin Jibo Bakari sau ashirin a yini dole wata rana ya ce, shi wannan wane ne? Abin da zai tarar in ya duba, shi ya dame ni.

Mu ɗauki Jibo Bakarin kansa. Gajeren tarihinsa da ke yawo yakan ce magajin garin Yamai na farko, jagoran jam'iyyar Sawaba, wanda ya ce wa Faransa "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Duk gaskiya ne, amma daga nan ne labarin ya fara nauyi. An haramta Sawaba a 1959, shi ya yi gudun hijira. A 1964 mayaƙan jam'iyyar suka shigo ƙasa da makamai, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, gidajen kaso suka cika. A watan Afrilu na 1965 aka jefa gurneti a filin Idi ana nufin shugaban ƙasa Diori Hamani. Jibo ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, ba a jima ba Kunce ya rufe shi shekaru, ya rasu a 1998. A cikin wannan tafiya akwai jarumta, akwai kuskuren lissafi, akwai jinin talakawa, akwai gidajen da har yau in an ambaci shekarun nan sai tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki. An daɗe tarihin hukuma yana yi kamar ba a taɓa yin Sawaba ba. In yanzu tabarma kawai muka juya, muka mai da Jibo waliyyi muka share su Diori, to abin da aka yi mana muka maimaita.

Haka Bubu Hama. Mutumin da ya rubuta littattafai masu yawa, ya bi gari gari yana tattara rubutattun takardun Larabci da ajami, wanda gidan tarihi na ƙasa ke ɗauke da sunansa, shi ne kuma shugaban majalisar dokoki kuma jigon jam'iyyar da ta mulki ƙasa ita kaɗai a shekarun da ake farautar 'yan Sawaba. Bayan 1974 shi ma ya ɗanɗana kaso. Duk mutum ɗaya ne, kuma wanda ya ba ka rabinsa ya cuce ka, ko wane rabi ya zaɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin da ya fi kowane girma a kan Sawaba wani Bature ɗan Holan ne ya rubuta shi, Klaas van Walraven, ya fito da Ingilishi a 2013, daga baya da Faransanci. Shekaru ya yi yana zama gaban tsofaffin 'yan jam'iyyar yana sauraro. Tsofaffin nan da Hausa da Zabarmanci suka yi rayuwarsu, a unguwanninmu suke, wasu maƙwabtanmu ne. Shi ya taso daga uwa duniya ya tambaye su, mu muna wucewa ta ƙofar gidansu muna ina kwana.

Sarauniyar Lugu ta fi kowa shan wannan. Abin da ya tabbata shi ne a watan Afrilu na 1899 ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya afka wa Lugu, mutanen garin suka yi tsayayya a ƙarƙashinta, kuma ayarin nan ne ya wuce ya yi wa Birnin Ƙonni kisan ƙare dangi a watan Mayu. Amma yawancin abin da muke ji kamar mun sani game da ƙuruciyarta da kalamanta daga littafin ƙagaggen labari na Abdullahi Mamani ya fito, na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986. Marubucin bai yi laifi ba, haƙƙin mai ƙaga labari ne ya cika gurbi da tunaninsa. Laifin na wanda ya kwafo abin da aka ƙaga ya liƙa masa "tarihi" ne, kuma na sha ganin haka. Mutanen Lugu suna da tasu ruwayar, sarautar ma ba ta tsaya kan ita Sarauniya Mangu ba, mata sun ci gaba da gadonta. Daga Yamai zuwa ƙasar Dogon Dutsi tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba. Ƙonni kuwa tamu ce, jiha ɗaya muke, kuma jikokin waɗanda aka jefa rijiya suna nan suna sayar da albasa a bakin hanya.

Na san amsar da za a ba ni, don Kawu da kansa ya ba ni ita da na fara wannan magana. Ya ce, "Kai ɗan nan, mu fa Hausawa ne, ba a tonon asirin wanda ya kwanta dama." Wannan magana ce mai nauyi, ba zan tsallake ta ba. Addini ya hana zagin matattu, al'ada ta koya mana rufin asiri, kuma garuruwanmu ƙanana ne. Wanda ka rubuta a kansa yau, gobe ɗansa ne zai ba ka sahu a masallaci, ko 'yarsa ce matar ƙaninka. Marubucin da ke zaune a Paris ba ya haɗuwa da kowa wurin jana'iza. Mu muna haɗuwa.

Sai dai mu duba abin da magabatanmu suka yi da wannan tsoro. Littattafan sira da ake karantawa a kowane zaure ba su tsallake Uhudu ba. Sun faɗi yadda maharba suka bar dutsen da aka tsayar da su, sun faɗi abin da ya biyo baya, kuma babu malamin da ya ce an ci mutuncin sahabbai. Malaman hadisi suka kafa fanni sukutum na tantance masu ruwaya, inda za a ce wane mai gaskiya ne amma yana da mantuwa, wane kuma ya rikice a ƙarshen rayuwarsa, a karɓi abin da ya faɗa kafin shekara kaza. Mutanen nan sun fi mu tsoron Allah, sun fi mu kunya, amma sun gane cewa in labari zai zama hujja dole a san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma yaya halinsa. Ke nan tambayar "wa ya gaya maka?" ba daga lakwal ta zo mana ba. A zaure muka gaje ta, muka yar.

Iyakar da nake gani ita ce tsakanin cikin gida da fili. Rigimar gado, abin da ya raba mutum da matarsa, ciwon da ya ɓoye, wannan na iyali ne, in sun so su faɗa, in sun ƙi a bar musu. Amma abin da mutum ya yi a gaban jama'a, da kuɗin jama'a, ko da sunan jama'a, na jama'a ne. Kaye a fili aka yi shi, dubban idanu suka gani. Takardar da minista ya sa wa hannu ba asirin ɗaki ba ce. Waƙar da mawaƙi ya yi wa mai mulki jiya, ya juya ta ga wanda ya hamɓare shi yau, a rediyo aka sa ta.

Akwai kuma abin da ke tsakani, shi ne talauci, kuma a nan ina ganin kunyarmu kanmu take karewa fiye da mamacin. Zalika Sule tana cikin matan farko da suka fito a fim a ƙasar nan, ta yi aiki da Mustafa Alasan da Umaru Ganda tun shekarun 1960, ta sha zagi a gari saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo. Da harkar fim ta mutu a Nijar sai ta shiga wani hali, har ta kai ga fita ƙasar waje aikatau. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta tun tana da rai, kuma Zalika da bakinta ta faɗi halin da take ciki. Ta rasu a 2021. In ka rubuta tarihinta ka ce "tauraruwa ce da ta ɗaga sunan ƙasa" ka yi shiru, asirin wa ka rufa? Ita dai ta riga ta yi magana. Namu ka rufa, mu da muka tafa mata muka watse.

Abin ban sha'awa, manyanmu da suka ba da labarin kansu ba su ji wannan tsoro ba. Umaru Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indocin, ya dawo ya yi dako a tashar jiragen ruwan Abijan. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, daga rayuwarsa ya ɗebo shi: tsohon soja ya dawo da 'yan kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa, da aljihu ya bushe kowa ya kama gabansa. Shi ya fito a matsayin sojan, bai sa wani ba. Kafin shi da nisa akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Bature matafiyi Barth har Tumbutu, ya isa Landan a 1855. A Ingila ya zauna ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a 1885. Ya faɗi yunwa, ya faɗi yadda aka raba shi da iyayensa, ya faɗi abin da ya ba shi mamaki da abin da ya ba shi dariya a teburin Turawa. Yana cikin tsofaffin labaran rayuwa da ake da su da harshen Hausa, ɗan ƙasar nan ne ya ba da shi, kuma har yau in ka karanta kana jin muryar yaro mai rai. Shekara 140 bayan haka mu muna rubuta mutane kamar allunan kabari.

A fagen wasanni abin ya fi sauƙin gani, don can lamba ba ta ƙarya amma ba ta isa ba. Isaka Dabore ya je gasar Olamfik sau uku, Tokiyo a 1964, Meziko a 1968, sannan Munik a 1972 inda ya ciyo wa Nijar tagulla a dambe. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdul Razak Alfaga ya kawo azurfa daga Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya na tekwando a 2017. Wannan layi uku kowa ya iya kwafa. Tarihi yana cikin abin da ke tsakanin layukan. Mutumin da ya je sau biyu ya dawo hannu rabbana, me ya mai da shi karo na uku? A wane fili yake atisaye, wa ke ciyar da gidansa in ya tafi, wa ya tarbe shi a filin jirgi a 1968, wa ya tarbe shi a 1972? Ya rasu a watan Disamba na 2021, shekara kusan hamsin bayan Munik, yana nan cikinmu duk tsawon lokacin. Isaka Isaka na Dosso ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, kuma in ba mu yi hankali ba jikokinmu "sau shida" kawai za su gada, ba su san shekarun da aka fitar da shi ba, ba su san wa ya taɓa kai shi ƙasa ba, alhali duk mai sauraron rediyo a watan gasa ya san waɗannan da ka.

Mutuwa kuwa ba ta jiran mai rakoda. Mustafa Alasan 2015, Malam Maman Barka mai gurmi da biram 2018, Zalika da Dabore 2021, André Salifou da Hamsu Garba 2022. Na farkon nan shi ya fi tsaya mini a wuya. Mutumin da ake nuna finafinansa na zane a manyan biranen duniya, mai kwaɗin nan da suke sarauta da tafiye-tafiye kamar shugabannin ƙasa, a Tawa ya zauna shekaru masu yawa, yana da otal a garin nan. Na sha wucewa ta ƙofar. Kullum ina ce wa kaina sai an sha iska, sai bayan salla, sai na sami rakoda mai kyau. Ban shiga ba har aka ce ya rasu a Wagadugu. Don haka in ina faɗa a wannan rubutu, da ni cikin waɗanda ake yi wa.

Sannan su wa muke zaɓa? Sarakuna, ministoci, sojoji, sai mawaƙin da ya mutu jiya. Jibo Hamani ya rubuta tarihin Adar tun 1975, a ciki akwai labarin Sarkin Adar Agabba da sarautar Illela a rubuce, kuma kowane ɗan makarantar allo ya san a Maratta aka haifi Shehu Usmanu a 1754. Amma ga Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama da ƙasa da itace, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masana gini na duniya sun san sunansa, yaran Tawa nawa suka sani? Ga matan da suka riƙe gidaje shekara da shekaru maza suna ci-rani a Abijan da Legas, ga 'yan ci-ranin kansu da kuɗinsu ya gina rabin unguwannin garin nan, ga ungozomar da rabin gari ya faɗo hannunta. In tarihin Adar na ƙarnin da ya wuce ake nema, a bakin waɗannan yake.

Akwai kuma ƙananan kurakurai da kwafe-kwafe ke haifarwa, waɗanda ke zama gaskiya don yawan maimaitawa. Iyayenmu da yawa takardunsu "né vers" ne, wato an haife shi wajajen shekara kaza, wani ma'aikaci ne ya dubi haƙoran yaro da tsawonsa ya yanke. Da kwamfuta ta zo ta ce sai an cika rana da wata, aka zuba musu 1 ga Janairu. Yau sai ka ga an rubuta da ƙarfin hali cewa gwarzo wane an haife shi ranar 1 ga Janairu, har ana taya shi murnar zagayowar ranar. Tsohuwar gidansu kuwa za ta ce maka da kaka aka haife shi, shekarar fara, ana cikin sussuka. Tata ta fi kusa da gaskiya, kuma ta fi daɗin ji. Ga Hausar kanta, wadda sau da yawa inji ne ya juyo ta daga Faransanci ko Ingilishi, kalmomin namu ne amma babu wanda zai yi magana haka a kasuwar Tawa.

Kayan aiki ba su ɓace duka ba. A Yamai akwai CELHTO, cibiyar da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, akwai cibiyar bincike ta IRSH da dubban rubutattun takardunta, akwai tsofaffin faya-fayan Muryar Sahel da tsofaffin jaridu. Ɗaliban jami'a kuma kowace shekara suna rubuta kundin kammala karatu a kan garuruwansu da mutanensu, da Faransanci, a ajiye a kan kanta ƙura ta rufe. Wani wuri kuwa lamarin sai addu'a. Na taɓa shiga wani ofishi a wata jiha, ba zan kama suna ba, ina neman wata tsohuwar hira da aka yi da wani makaɗi. Ma'aikacin, mutumin kirki, ya jawo mini kwali daga ƙarƙashin tebur. Gara ta cinye gindin kwalin, kaset-kaset ɗin suka zube ƙasa, wasu zaren ya fito ya nannaɗe da juna, rubutun jikinsu ya koɗe sai "hira da" kawai ake iya karantawa. Ya ce, "Malam, ko ka sami wadda kake so, rediyon da zai karanta ta ya mutu tun bara waccan."

Ba na cewa kowa ya zama farfesa. Littafin jika biyar ba zai sayu a garin da ake lissafin kuɗin tiya ba, na sani. Amma mu mutanen kunne ne, kuma kowace salula rakoda ce. Hira ta awa ɗaya da tsohon ɗan kokowa, da muryarsa da tarinsa da dariyarsa, za ta zaga Adar kafin littafi ya bar maɗaba'a. Abin da nake roƙo ga mai rubutu ko mai ɗauka kaɗan ne. Ya tambayi mutum uku, ɗaya daga ciki wanda ba ya ƙaunar gwarzon. Ya faɗi wa ya gaya masa. In ruwaya ta saɓa ya kawo duka biyun ya bar mai karatu da su. In waƙa ce ko ƙagaggen labari ya samo abu, ya ce daga can ne. Malaman jami'ar Jibo Hamani kuma, da za su sa kowane ɗalibin tarihi ya dawo daga hutu da hira ɗaya da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, a adana muryar kamar yadda ake adana kundin, da cikin shekara biyar an tara abin da kuɗi ba zai saya ba nan gaba.

Ni dai na fara da Kawu. Ranar Juma'a bayan la'asar na aza salula a kan tabarma tsakaninmu, na ce ya maimaita labarin daren nan. Da farko ya gyara murya ya shiga yi mini irin maganar rediyo, sai da na ce, "Baba, yadda ka faɗa a fada nake so." Ya yi dariya ya saki jiki. Ya kira sunan wanda ya yi kayen, ya faɗi ƙafar da aka ɗauka. Da ya zo kan dalilin da ya sa mutumin ya shiga fili ranar ba ƙarfi a jikinsa, sai ya nuna salular da haɓa ya ce, "Kashe abin nan tukuna." Na kashe. Abin da ya faɗa na cikin gida ne, kuma a nan zai tsaya. Da na kunna ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye ta hanyar Illela, yaron ɗan kokowar ne a lokacin, shi aka jefa wa layar. "Je ka same shi," in ji Kawu, "amma ka sani zai ce maka ba kaye ba ne, santsi ne. Shekara arba'in muna wannan gardama da shi." Ranar kasuwarsu zan tafi, na riga na sayi goro.